Gubar dalma: wa ke biyan ma'aikaci diyya?

Idan inji ya datse wa ma'aikaci yatsa, kowa ya ga jini, babu gardama. Gubar dalma kuwa a ɓoye take shiga. Mai fasa tsofaffin batura ko mai narka dalma yana shaƙar hayaƙi da ƙura shekara da shekaru, har ciwon ciki da taurin bayan gida da kasala su zame masa jiki. Ya sha maganin shawara, ya sha na basir, kafin a gano hawan jini ya kama shi ko ƙoda ta taɓu. Gwajin jini ne ke tona asirinta.

Dokar Najeriya ta san da wannan. A watan Disambar 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin ta 1987. Ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya duk wata a asusun da hukumar NSITF ke kula da shi, ta kuma hana shi cire kuɗin daga albashin ma'aikaci. Cututtukan dalma suna cikin jadawalinta. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, kuma ba sai ya tabbatar da sakacin ubangidansa ba.

A wajen wa'adi ne gizo ke saƙa. Ma'aikaci zai sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukuma cikin kwana 7, a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Wannan lissafi ya fi dacewa da wanda ya faɗo daga bene. Lebura da ake biya a hannu kullum da yamma, ba takardar ɗaukar aiki, ba gwajin jini ranar da ya fara, da me zai nuna a nan ya kwaso cutar?

A shekarar da aka yi dokar ne likitocin ƙungiyar MSF suka bankaɗo bala'in gubar dalma a Zamfara. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, ana kawo dutsen zinariya mai cike da dalma har cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka mutu.

Dokar ta ambaci masu ƙananan sana'o'i, amma an gina ta ne a kan ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki. Mahaƙin da ke cin gashin kansa ba shi da mai zuba masa kashi ɗayan, yaran kuma ba ma'aikatan kowa ba ne. Abin da ƙauyukan suka samu shi ne maganin fitar da dalma daga jini, da kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gidajensu.