Da Me Ake Haɗa Allurar Rigakafin Ciwon Hanta?



Kun sha tambayarmu da me ake haɗa allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ake yi wa jarirai. Tambaya ce da ta dace, domin ɗa amana ne. Amsa ita ce yisti, dangin wanda ake kwaɓa burodi da fanke da shi. Allurar farko, ta shekarar 1981, daga ruwan jinin mutane aka tace ta. A 1986 aka samu ta yisti, wadda babu jinin kowa a cikinta, kuma ita ce ake yi wa yaranmu.

Yisti halitta ce mai rai, ƙwaya guda. Masana suna dasa masa umarnin ƙera furotin ɗaya tak, irin wanda yake a bayan fatar ƙwayar cutar. Umarnin yana zaune a cikin DNA, ba ya fita. Sai yisti ya kwafe shi a wani ɗan saƙo mai suna mRNA, ya aika wa sashen da ke ƙera furotin.

A nan akwai abin lura a hikimar Mahalicci. Tun ana cikin rubuta saƙon, yisti yake ɗora masa wata alama a kai, wadda masana suka gano a 1975 suka kira ta hula. Matsayinta kamar na hatimi ne a wasiƙar sarki: da ita masu aiki suke gane saƙon su karanta shi, kuma ita take kare shi daga sinadaran da ke cinye saƙo ta ka. Idan an gama da saƙon, yisti da kansa yake tuɓe hular, nan da nan saƙon ya lalace.

Furotin ɗin ne ake tacewa a zuba a kwalba. Babu ƙwayar cuta a ciki, don haka allurar ba ta sa ciwon hanta. Tana dai nuna wa jiki kamannin maƙiyinsa tun kafin su haɗu.

Jarirai tara cikin goma da suka kamu da cutar lokacin haihuwa suna zama da ita tsawon rai, wasu ta kai su ga dajin hanta. Shi ya sa muke roƙon a yi wa jariri allurar cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu, sannan a mayar da shi asibiti yana da mako 6, da 10, da 14. A riƙa zuwa da katin rigakafi.