Su Waye Suka Yi Kuɗi A Jos Zamanin Kuza?

Duk wanda ya taso a Nasarawa Gwom ko Gangare ya sha jin cewa kuza ce ta gina Jos. Haka ne, amma kuɗin ba a aljihun 'yan gari ya fi zama ba. Kamfanonin Turawa ne suka riƙe manyan filayen haƙa, musamman ATMN da ke Bukuru.

To ina namu suka samu? A cikin ma'aikata. Dubban leburori sun cika barikoki, kuma dole su ci abinci. Fataken Hausawa suka riƙa kawo hatsi da shanu daga arewa, goro da manja daga kudu. Da layin dogo na Kafanchan ya iso a 1927, sai Jos ta haɗu da Fatakwal kai tsaye, harka ta ƙara buɗewa. Daga baya wasu suka koma sufurin manyan motoci.

A haƙar kuwa, sunan da ya fi fita cikin 'yan ƙasa shi ne D.B. Zang, ɗan ƙabilar Birom, wanda ya mallaki filayensa a sana'ar da Turawa suka kankane. Har makarantar sakandare ya kafa a Bukuru mai ɗauke da sunansa.

Sai Ahmed Idris Nasreddin, mutumin Eritiriya, wanda a ganina ya fi kowa hangen nesa. Shi bai bi kuza ba. A 1963 ya kafa NASCO, ya fara da masana'antar buhunan zuba amfanin gona, lokacin gyaɗa na tashe. Daga nan aka shiga biskit, sabulu da sauransu. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, aka bar Filato da kududdufai, shi kamfaninsa bai tsaya ba. Ya rasu a 2021, amma ka leƙa shagon unguwa a Agege ko Sabon Ibadan, da wuya ka rasa kayan NASCO.

Ƙananan 'yan kasuwa su ne suka fi jin jiki. Rikicin Satumban 2001 ya raba unguwanni, gobarar 2002 kuma ta cinye babbar kasuwar Taminus, jarin mutane da yawa ya ƙone ƙurmus. Wasu suka koma kasa kaya a bakin titi, wasu suka sauko nan kudu. Yau abin da Jos ke turo mana ya koma kabeji, karas da dankalin Turawa, ana lodinsu daga Farin Gada zuwa Mile 12.