Ko Ka Sani? Idon da Ke Kashe Fuskar Waya Idan Ta Kusanci Kunne

Ko ka san cewa a wayoyi da yawa, duk lokacin da ka kara waya a kunne, akwai wata 'yar fitila a samanta da ke haska maka kumatu? Idonka ba ya ganin haskenta, amma tana aiki tun daga shigowar kira har a yi sallama. Ita ce ke sa fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin da zarar ta kusanci kunne, ta kuma dawo da haske tun kafin ka gama sauke hannu. Masu gyaran waya sensa suke ce mata, kuma a yawancin wayoyi tana maƙale ne a gefen ƙaramar sifikar da ake jin magana, a bayan baƙin gilashi.

Dalilin sa ta ya samo asali ne daga yadda fuskar wayar shafa take jin taɓi. A ƙarƙashin gilashin akwai siraran layukan lantarki da aka shimfiɗa tsaye da kwance. Jikin ɗan Adam yana ɗaukar lantarki, don haka idan fata ta taɓa gilashin sai cajin da ke wannan gurbin ya sauya, wayar ta gane inda aka taɓa. To, ita fata ai fata ce. Kumatu da kunne da ɗan yatsa duk ɗaya ne a wurin gilashin nan. Da a ce za a bar fuskar a farke lokacin kira, kumatunka zai iya katse kiran, ko ya toshe muryarka ɗaya ɓangaren ya yi ta "halo, halo", ko ya buɗe sifika a tsakiyar jama'a alhali maganar sirri ake yi. Ga kuma caji, domin hasken fuska yana cikin abubuwan da suka fi shan batir, kuma babu amfanin haska kunnen da ba ya gani.

Sensar kanta ba ta wuce 'yan milimitoci ba, kuma abu biyu ne a cikinta: fitila mai fitar da haske, da ido mai karɓar haske. Hasken da fitilar ke fitarwa shi ake kira infirared. Idon mutum yana ganin haske ne daga tsawon zango na kimanin nanomita 400 zuwa 700, wato daga shunayya zuwa ja. Fitilar sensa kuwa galibi a wajen 940 take aiki, can gaba da ja, inda ganinmu ya ƙare. Masanin taurari William Herschel ne ya gano wannan haske a Ingila a 1800, lokacin da ya raba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku, ya ɗora ma'aunin zafi a gefen ja inda ba a ganin komai, sai ya ga zafin ya hau. Irin hasken nan ne rimot ɗin talabijin ke aikawa. Idan kana son ganinsa, buɗe kyamarar waya ka saita bakin rimot a gabanta ka danna maɓalli. A wayoyi da yawa za ka ga yana ƙyaftawa da launin shunayya-shunayya.

Fitilar tana ƙyafta hasken ne a jejjere. Idan babu komai a gabanta, hasken ya tafi ke nan. Idan kuwa akwai kumatu, sai wani kaso ya bugi fata ya dawo cikin idon da ke gefe. Akwai wata dabara a nan da take burge ni. Rana ma tana zubo infirared mai ɗimbin yawa, wanda ya isa ya ruɗa idon. Saboda haka sensar tana auna hasken da ke shigowa lokacin da fitilarta ke kashe, ta sake aunawa lokacin da take haskawa, sai ta cire na farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ne nata hasken da ya dawo. Idan ya haura wani mizani da aka ajiye, wanda a wayoyi da yawa yake daidai da tazarar kusan santimita 5, sai ta sanar da manhajar waya cewa akwai abu kusa. Mizanin kashewa kuma daban yake da na kunnawa, an bar 'yar rata a tsakaninsu, don kada fuskar ta riƙa ƙyafƙyaftawa duk lokacin da hannunka ya ɗan motsa.

Dabarar ta girmi wayoyin shafa na yanzu. Nokia 7650, wadda ta fito a 2002, tana da sensa da ke mayar da sauti daga babbar sifika zuwa ƙarama idan an kai ta kunne, don kada ƙara ta cutar da mai saurare. Amma iPhone ce ta mayar da ita abin dole. Ranar 9 ga Janairun 2007, da Steve Jobs na kamfanin Apple yake gabatar da wayar a San Faransisko, ya lissafa sensa uku da ke cikinta: mai gane kusanci, mai auna hasken wuri, da mai gane juyin waya. Bayan shekara uku, masu iPhone 4 suka yi ta ƙorafin cewa kumatunsu na katse musu kira, har sai da Apple ya fitar da gyara a manhajar iOS 4.1 a watan Satumban 2010.

Abin da ya kamata mai waya ya riƙe shi ne, sensar nan ba ta san kunne ba, hasken da ya dawo kawai ta sani. Kusan duk matsalolinta daga nan suke. Ɗauki gilashin kariya da ake manna wa waya a kasuwa. Idan mai kauri ne, ko baƙin gefensa ya hau kan tagar sensar, ko iska ta maƙale a ƙarƙashinsa, hasken fitilar yakan bugi gilashin ya koma cikin idon tun bai fita waje ba. Sai wayar ta ɗauka kullum a kunne take. Nan ne za ka ga mutum ya gama magana, ya sauke waya, fuska ta ƙi dawowa, yana ta danne-danne ya kasa katse kira, kuɗin katinsa na tafiya. Maiƙon fuska da man shafawa da hoda suna yin wannan ɓarnar, haka ma ƙurar hunturu idan ta taru a ramin sifika ko ta shiga ta inda gilashi ya tsage. Kafin a ɗauki waya zuwa wurin mai gyara, a fara goge saman da ƙyalle mai laushi, a kuma ɗaga gilashin kariyar a gwada. Sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya shafe mu sosai. Baƙin gashi yana shanye infirared, kaɗan yake mayarwa, kuma injiniyoyin da ke ƙera sensa sun daɗe da sanin wannan matsala. Idan saman wayar ya sauka a kan suma ko kitso maimakon fata, hasken da ke dawowa zai iya gaza mizani, fuskar ta farka a tsakiyar magana, kunne ya shiga danna abin da ba a sa shi ba. Ɗan gyara riƙon wayar yadda samanta zai fuskanci fatar kunne yakan wadatar.

Da kamfanoni suka shiga gasar faɗaɗa fuskar waya har baki, sai wurin ajiye sensa ya ƙure, aka nemi wasu hanyoyi. A 2016 kamfanin Xiaomi ya fitar da Mi Mix da fasahar wani kamfanin ƙasar Norwe mai suna Elliptic Labs: sifika tana fitar da sauti mai tsinin da kunnen mutum ba ya ji, makirfo yana sauraron amsa-kuwwarsa, kamar yadda jemage ke gane bango a cikin duhu. Wasu sun tura sensar ƙarƙashin fuskar, shi ya sa a wasu wayoyin Samsung ake ganin wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa a sama lokacin kira, mutane su zaci lalacewa ce. Wasu kuma lokacin da haske ya ɗauka ya je ya dawo suke aunawa. Haske yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka zuwa da dawowa a tazarar santimita 5 ba ya wuce kashi ɗaya cikin uku na nanodaƙiƙa, kuma ana iya auna shi. A wasu wayoyi masu sauƙin kuɗi babu fitilar ma gaba ɗaya. Manhaja ce ke haɗa bayanin sensar motsi da na taɓin fuska ta yi hasashen cewa an ɗaga waya zuwa kunne. Wannan hasashe yakan kuskure idan mutum yana kwance ko ya kai wayar kunne a hankali, kuma a ganina ya kamata a riƙa faɗa wa mai saye wace iri ce a cikin wayar da zai biya kuɗinta.

Aikin sensar bai tsaya ga kira ba. Idan kana sauraron saƙon murya a WhatsApp ka kai wayar kunne, ita ce ke sa sautin ya koma ƙaramar sifika, fuskar ta mutu, ka ji saƙonka kai kaɗai a cikin mota ko a majalisa. Ita ce kuma sanadin da saƙo ke yin shiru idan yatsanka ya gifta ta saman waya. Wasu wayoyin da ita suke gane cewa suna cikin aljihu, su ƙi amsa taɓi.

Sai dai a lura, baƙin da fuska ke yi lokacin kira ba kulle ba ne. Idan wayar a buɗe take kafin kiran, duk wanda ka miƙa wa ya gaisa zai same ta a buɗe da ya sauke ta daga kunne. Gwada lafiyar sensar kuwa ba wuya: kira wata lamba, ka kawo tafin hannunka saman wayar ba tare da ka taɓa gilashin ba. Fuskar ta mutu, ka janye ta dawo, to lafiya lau take. A wayoyin Samsung da yawa, danna *#0*# a wurin buga lamba yana buɗe shafin gwaji, inda za ka ga adadin da sensar ke karantawa yana hawa yana sauka yayin da kake matso da hannu kana janyewa.