Abincin rana na yaron da ya kai wata tara

A gidaje da dama na jahohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, in rana ta take, jinjiri ba ya samun komi sai tsararren kunu ko furar da aka cika wa ruwa. Ciki ya cika, jiki kuwa bai samu abin gina shi ba. Ta wannan ƙofa tamowa ke shigowa, cutar da ta yi ɓarna ƙwarai cikin jahar Maraɗi a shekara ta 2005.

Ƙungiyar kiyon lafiya ta duniya, OMS, ta ce daga wata 9 yaro na bukatar abinci sau 3 zuwa 4 a yini, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, ana ci gaba da ba shi nono har shekara 2 ko fiye.

Abincin nan yana cikin gida. Kunun hatsi ya yi kauri har ya tsaya bisa cokali, a haɗa shi da garin wake ko na gujiya da ɗan mai. Ko kuma tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta zogala, a marmasa kifin da aka cire wa ƙaya.

A wannan lokaci yaro yana son ɗauka da hannunsa. Sai a yanka masa dafaffen dankali, kabewa, dafaffen ƙwai, ayaba ko nunannen mangwaro, tsawon yatsa. Gujiya ƙwaya da aya suna shaƙe yaro. Zuma kuma sai ya cika shekara.

A wanke masa hannu da sabulu, a zaunar da shi, a ba shi nasa kwano. In an haɗa shi da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun share kwanon.