In Mai Jego Ta Ƙi Karɓar Ƙarin Jini

A nan Kilomita Biyar, in aka ce jini ya ɓalle wa mai jego, abin da muka sani shi ne a tara dangi a nufi asibiti a ba da jini. Malamanmu sun halatta haka, domin larura ce. To, amma cikin maƙwabtanmu na Bangui akwai Shaidun Jehobah, waɗanda tun 1945 aƙidarsu ta hana su karɓar jinin wani. Kasuwarmu ɗaya, 'ya'yansu kuma suna cikin azuzuwanmu. In abin ya faɗa wa matar ɗayansu, yaya ke nan?

Likita ba ya tilasta wa baliga mai hankali. Sai dai ya yi tsere da jinin. In ya kai rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, an shiga hatsari, kuma galibi mahaifa ce ta ƙi tsukewa. Nan take ungozoma za ta murza cikin, a yi allurar oksitosin. Wannan allura tana son sanyin firji, mu kuwa mun san halin wutarmu; shi ya sa ake ajiye ƙwayar misoprostol.

Akwai kuma allurar tranexamic, wadda babu jinin kowa a cikinta. Gwajin da aka bayyana a 2017, kan mata 20,000 a ƙasashe 21, ya nuna tana rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta kafin awa uku. A 2023, wani bincike da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano ta jagoranta a Nijeriya ya nuna amfanin leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mai haihuwa: ana ganin adadin jinin, a haɗa magungunan gaba ɗaya. In duk sun gaza, sai a hura balan-balan cikin mahaifa, ko a cire ta tun da sauran ƙarfi.

Mu dai a ganinmu, babban aikin tun wajen awo yake. Ta faɗi matsayinta da bakinta, ta sha ƙwayar ƙarin jini, ta kwana cikin gidan sauro, ta haihu a asibiti irin na Castors.

Kada mu ce wannan na wasu ne. Matanmu sun yarda da ƙarin jini, amma sau nawa ake zaman jiran mai gida ya dawo daga kanti, wata tsohuwa tana cewa mugun jini ne, a bar shi ya fita, zane na uku kuwa ya riga ya jiƙe?