Maganin da majo ya rubuta, ina lissafinsa ke zuwa?

A kowace likita ta Damargu, daga Tanut har Belbeji, akwai babban rajista a kan teburin majo, wato shugaban ma'aikatan likitar. Duk wanda ya zo neman lafiya sai an rubuta shekarunsa, garinsu, cutar da aka gano da maganin da aka ba shi. Ƙarshen wata a tattara, a aika wa hukumar lafiya ta yankin, a shigar cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙirƙiro, kuma da ita Nijar ke tara alƙaluman lafiya. A nan ne lissafi ke komawa zane. Ma'aikaci ya zaɓi wata, ya zaɓi gari, sai layi ya fito yana hawa yana sauka, ko taswira mai launi da ke nuna inda masassara ta fi tsanani.

Sai dai ba kowa ke shiga ba, sai mai lambar sirri. A Ingila kuwa, tun 2015 likita Ben Goldacre da abokan aikinsa na Jami'ar Oxford suka buɗe OpenPrescribing, inda kowa zai rubuta sunan magani ya ga yadda kowane asibitin unguwa ke rubuta shi wata bayan wata, ba tare da sunan majinyaci ko ɗaya ba. Ni dai ina ganin mutanen Damargu ma sun cancanci ganin nasu lissafin, domin lafiyarsu ce aka ƙirga.

Amma zane na iya ruɗin mai kallo. Idan layin maganin masassarar cizon sauro ya hau daga Agusta zuwa Oktoba, wannan aikin damina ne, kowa ya sani. To idan ya faɗi a tsakiyar Satumba fa? Mai gaggawa zai ce an samu sauƙi, wataƙila ma ya yaba wa rigakafin da ake bi gida-gida ana bai wa yara ƴan wata 3 zuwa 59. Yana iya zama haka. Yana kuma iya zama maganin ne ya yanke a likita, aka rubuta wa uwa takarda ta je ta saya, ita kuwa da ba ta da kuɗin farmasi ta tsaya wajen mai talla a kasuwa. Ƙwayar da ta saya can ba ta shiga rajistan kowa. Haka tramadol da ake sayarwa a kan faranti: komai yawansa, zane bai san da shi ba.

Sai batun yawan jama'a. Ƙasar nan ta manoma ce da makiyaya. Fulani da Buzaye na hawa arewa da dabbobi idan ruwa ya sauka, su dawo da rani, don haka mutanen da likita ɗaya ke ɗauke da su ba sa zama daidai duk shekara. Kafin a ce wannan likita ta fi waccan rubuta magani, a tambaya: cikin mutum nawa?

Inda irin wannan zane ke da babban amfani shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa su gida uku: na farawa kamar amoksisilin, na taka-tsantsan kamar seftiriyazon, da na ajiya sai an rasa mafita. Idan zane ya nuna wata likita na yawan tsallake na farko zuwa na biyu, lokaci ya yi da za a zauna da ma'aikatanta a ji dalili, tun ƙwayoyin cutar ba su daina jin magani ba.

Wanda ke cikin kwamitin kula da likitar garinsu ba sai ya jira intanet ba. Ya roƙi majo ya nuna masa rahoton watan jiya da na irin wannan wata a bara, ya kuma tambayi kwana nawa kowane magani ya yi babu shi a ma'aji.