Minshari da Ɗaukewar Numfashi: Lambar Gwaji Ba Ita Ce Hukunci Ba

Ranar Juma'a a Masallacin Gwallaga, kafin liman ya kai rabin huɗuba, sai ka hangi kawuna nan da can suna sunkuyawa suna tasowa. Yawancin masu gyangyaɗin nan gajiya ce da zafin Bauchi. Amma a cikinsu akwai wanda ya kwanta tun bayan isha'i bai motsa ba sai asuba, duk da haka barci na fizgarsa a masallaci, a shago, har a kan sitiyari. Tambayi mai ɗakinsa ka sha labari: minshari har maƙwabta, can sai ya yi tsit, numfashi ya ɗauke har ta fara salati, sannan ya ja wani gurnani ya ci gaba.

Wannan ba dannau ba ne. Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaronsa yakan saki. Ga mai ƙiba, ko mai kaurin wuya, ko mai ƙaramar haɓa, sakin yakan kai ga toshe hanyar iska. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta ɗan farkar da shi don ya ja numfashi, zuciya ta buga da ƙarfi, jini ya hau. Gari ya waye bai san an yi ba, sai dai ciwon kai da bushewar baki da kasala.

Likitoci na auna ciwon da ƙidaya. A kwantar da mutum da na'urori a jikinsa, a ƙirga sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu na aƙalla daƙiƙa 10 a kowace awa ta barci. Daga 5 zuwa 15 ana cewa mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Wani kwamitin likitocin barci na Amurka ne ya tsayar da waɗannan iyakoki a 1999, duniya ta bi. Lambar tana da amfani, amma an ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta.

Kamar a ƙirga sau nawa aka ɗauke wuta a unguwa ne, ba a tambayi awa nawa aka kwashe a duhu ba. Wanda numfashinsa ya tsaya daƙiƙa 10 da wanda nasa ya tsaya minti guda har leɓensa ya sauya launi, ɗaya ɗaya ake rubuta musu. Shi ya sa wasu masu bincike a Boston suka nuna a 2019 cewa zurfin faɗuwar oksijin da daɗewarta sun fi ƙidayar nuna wanda ciwon zuciya zai iya kashewa. Ga kuma saɓanin ma'auni: wani ɗakin gwaji sai oksijin ya faɗi da maki 4 yake ƙirgawa, wani maki 3 sun ishe shi. Dare ɗaya, mutum ɗaya, lamba biyu. Gobe ma in ya kwana rigingine, lambar ta sake canzawa.

Tun 1993 aka ga giɓin da ke tsakanin lambar da alamun ciwon. A jihar Wiskonsin ta Amurka an gwada ma'aikata 602, aka samu kashi 24 cikin 100 na maza sun kai lamba 5, amma kashi 4 kacal ne suka haɗa lambar da yawan barcin rana. A 2015 a birnin Lozan na Siwizalan, da aka yi amfani da na'urori masu kaifi, kusan rabin mazan da suka kai shekara 40 zuwa sama sun faɗa rukunin matsakaici ko mai tsanani. Ma'aunin da ya mai da rabin dattawan gari majinyata, ai shi ma yana buƙatar a duba shi.

A ɗauki mutum biyu. Direba ne mai jigila tsakanin Bauchi da Jos, lambarsa 12, wato mai sauƙi, amma kafin ya kai Nabordo ido ya fara rufewa. Ɗayan ɗan kasuwa ne a Muda Lawal, lambarsa 35, yana wuni garau, jininsa daidai. A takarda ɗan kasuwar ne mai tsanani. A kan titi kuwa direban ne ke ɗauke da rayukan jama'a, kuma shi ya fi gaggawar magani. Wani bincike a ƙasar Sifen a 1999 ya gano cewa direbobin da lambarsu ta kai 10 sun ninka sauran kusan sau 6 wajen yiwuwar haɗari.

Kada ɗan kasuwar ya saki jiki. Da yawa masu cewa ba sa jin barci, goro da shayi ne ke riƙe da su, kuma mu nan tumbi alamar hutu ce, minshari kuwa abin zolaya. Idan yana da hawan jinin da ya ƙi sauka duk da magani kala uku, ko bugun zuciya marar tsari, ko ciwon suga, ko ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, to lambar nan tasa ta zama babbar magana. Mata su ne lambar ta fi zalunta. Sau da yawa kukansu rashin barci ne da ciwon kai da gajiya, kuma toshewar takan taru a lokacin mafarki. In aka raba ta da awannin dare duka sai ta fito ƙarama, a sallami baiwar Allah da maganin maleriya.

Babban magani shi ne na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostireliya a 1981. A 2016 aka fitar da sakamakon gwajinta a kan mutum 2,717 masu ɗaukewar numfashi tare da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini. Ba ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki ba, ko da yake awa 3.3 kawai suke sa ta a dare. Abin da ta rage shi ne barcin rana, da ƙuncin rai, da fashin aiki. A ganina darasin a fili yake: wanda ciwon ya hana sakat da rana shi ke fara ganin riba, kuma na'urar da ke ajiye a ƙarƙashin gado ba ta warkar da kowa. A nan Bauchi ga tsada, ga wuta da ba ta kwana, don haka sai an yi tanadin batir ko sola.

Ɗakunan gwajin barci ba su da yawa a Najeriya, amma ba sai an jira su ba. Rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yakan sauke lambar da kusan kwata. A kwanta ta gefe. A nisanci ƙwayoyin barci da kodin da tiramadol da giya, domin suna ƙara sakin maƙogwaro da danne numfashi. Kada a kai wa wanzami ya cire beli da sunan maganin minshari.

Mai karatu, in kana minshari kana kuma gyangyaɗi da rana, je ka ga likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko asibitin da ya fi kusa da kai. Tafi da wanda ke ganin barcinka, domin ya fi ka sanin abin da ke faruwa. Faɗi sana'arka, a auna jininka. In kuwa direba ne kai, kuma barci ya taɓa fizgarka a kan hanya, don Allah ajiye makulli har sai an duba ka.